Gu Jiegang, malamin da ya tuhumi tsohon tarihin ƙasar Sin: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya shiga karatun tsohon tarihin ƙasar Sin ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Gu Jiegang, ko a bakin masu yabonsa ko a bakin masu sukarsa. Mun tattaro tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar tarihi suka fi yi a kansa, muka amsa kowace gwargwadon nauyinta.

Wane ne Gu Jiegang, kuma a ina ya koyar?

An haife shi a birnin Suzhou ranar 8 ga Mayu, 1893, a gidan masu karatu, ya rasu a Beijing ranar 25 ga Disamba, 1980. Gu shi ne sunan zuriyarsu, domin Sinawa sunan dangi suke fara ambata. Ya gama Jami'ar Peking a 1920 a fannin falsafa, inda ya yi karatu a gaban shahararren malamin falsafa Hu Shi. Ya koyar a Jami'ar Xiamen a 1926, ya koma Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou a 1927, sai Jami'ar Yenching da ke Beijing daga 1929. Lokacin yaƙi da Japan ya koyar a Jami'ar Yunnan da Jami'ar Qilu, wadda ta yi hijira zuwa Chengdu. Daga 1954 har ƙarshen ransa yana cibiyar binciken tarihi ta ƙasa a Beijing. Mutum ne mai in'ina, don haka a aji rubutu a allo ya fi yi masa sauƙi bisa dogon jawabi, kuma ɗalibansa sun fi ƙaruwa da shi ta hanyar gyaran rubutunsu da tura su bincike.

Mene ne ya faɗa da ya tayar da ƙura haka?

Kafin zamaninsa, yaro a ƙasar Sin yana haddace tarihi a jere kamar haka: Pangu ya raba sama da ƙasa, sai sarakuna uku na farko, sai Huangdi, sai Yao da Shun masu adalci, sai Yu wanda ya shawo kan ambaliya ya kafa daular Xia, sannan Shang, sannan Zhou. A 1923 Gu ya rubuta wa malami Qian Xuantong wata wasiƙa da aka buga a mujalla, ya ce shi bai bi jerin yadda ake karanta shi ba, ya bi shekarun littattafan da suka ambaci kowane suna. Abin da ya gani shi ne jerin a juye yake.

A tsofaffin waƙoƙin zamanin Zhou ta Yamma, mutum mafi daɗewa da aka sani shi ne Yu. A zamanin Confucius sai ga Yao da Shun an sa su gaban Yu. A zamanin Ƙasashe Masu Yaƙi, wato daga ƙarni na 5 zuwa na 3 kafin Miladiyya, sai ga Huangdi da Shennong sun sha gaban Yao. A zamanin Qin aka samu sarakuna ukun. Pangu kuwa, wanda aka ce shi ne farkon kowa, bai bayyana a rubuce ba sai bayan daular Han. Wanda ya fi kowa tsufa a labari shi ne ya fi kowa ƙuruciya a takarda.

Ya kira wannan tarihin da aka tara bisa-bisa. Kamar katangar ƙasa ce da ake wa yaɓe duk shekara: abin da ido ke fara gani shi ne yaɓen bara, tubalin asali yana can ciki, kuma ba a kai wa gare shi sai an bi a hankali ana ɓare ɗaya bayan ɗaya.

Ya ƙara da abubuwa biyu. Na farko, yadda zamani ke tafiya haka gwarzon labari ke ƙara girma. Shun a wurin Confucius sarki ne da ya yi mulki ba tare da yawan katsalandan ba. Da aka zo kan Mencius, malamin da ya bi tafarkin Confucius, Shun ya zama abin koyi wajen biyayya ga iyaye, da cikakken labarin mugun uba da ƙane mai neman ransa. Na biyu, kuma a ganinmu wannan ne zuciyar aikinsa: ko ba mu iya sanin abin da ya faru a zamanin Xia ba, muna iya sanin abin da mutanen Zhou ta Gabas suka ɗauka ya faru, kuma wannan ma tarihi ne na gaske.

Ta yaya ake aiki da hanyar tasa, mataki-mataki?

Hu Shi ne ya tsara ta a taƙaice a 1924. Mataki na farko, a tattaro duk inda aka ambaci abu ɗaya, a jera bisa shekarun da aka rubuta su, ba bisa shekarun da suke ba da labari ba. Na biyu, a duba siffar labarin a kowane zamani shi kaɗai, kada a cike giɓin tsohon littafi da bayanin sabo. Na uku, a bi sauyin: daga gajere zuwa dogo, daga labarin yanki ɗaya zuwa na ƙasa baki ɗaya, daga abin bauta zuwa ɗan'adam, daga misali zuwa abin da ake cewa ya faru. Na huɗu, inda hali ya yi, a nemo dalilin kowane sauyi: wa ya amfana, wace makarantar tunani ke buƙatar gwarzo irin wannan, wane sarki ke neman tsatso.

Mataki na biyu shi ne inda ɗalibai suka fi faɗuwa. Mutum ya san labarin tun yana yaro, sai ya karanta layi ɗaya a tsohuwar waƙa ya ga dukan labarin a ciki, alhali layin bai faɗi haka ba. Mataki na farko kuma shi ne mafi haɗari, domin idan aka kuskure shekarar littafi ɗaya, duk jerin da aka ɗora a kansa ya karkace.

Akwai misali guda da za a iya bi daga farko har ƙarshe?

Akwai, kuma shi ne mafi kyawun aikinsa na ƙuruciya: labarin Meng Jiangnu, wanda ya fara bugawa a 1924. Yadda jama'a suka san shi, mata ce da aka kama mijinta aikin tilas na gina Babbar Ganuwa a zamanin sarkin farko na Qin. Ta yi doguwar tafiya ta kai masa kayan sanyi, ta tarar ya mutu an binne shi cikin ginin, ta yi ta kuka har ganuwar ta rushe, ƙasusuwansa suka fito.

Gu ya bi saiwar labarin har zuwa tsohon littafin tarihi na Zuozhuan, a abubuwan da suka faru wajen shekara ta 550 kafin Miladiyya. A can babu ganuwa, babu kuka. Wani jarumin ƙasar Qi ne mai suna Qi Liang ya mutu a yaƙi, sarki ya gamu da matarsa a bayan gari ya aika a yi mata ta'aziyya a nan, ita kuwa ta ƙi karɓa, ta ce ta'aziyya a gida ake yin ta. Labarin mace ce mai sanin ƙa'ida, shi ke nan. Bayan wasu ƙarnoni sai aka ƙara cewa ta yi kuka mai tsanani. Mencius ya ce iya kukanta ya sauya al'adar ƙasar. A zamanin Han, Liu Xiang ya rubuta cewa kukan ya rusa ganuwar gari, sannan ta faɗa kogi. Sai a zamanin Tang aka ɗauke labarin daga Qi aka kai shi Babbar Ganuwa, jarumi ya koma ɗan aikin tilas. Gu ya danganta wannan sauyi da halin da mata suka shiga a ƙarnonin da ake kwashe maza zuwa yaƙin iyaka da gine-gine, suna neman wanda za su ɗora wa kukansu.

Abin lura, bai ce labarin ƙarya ne a watsar ba. Kowane yaɓe shaida ne a kan zamanin da ya yi shi.

Daga ina ya samo wannan tunani?

Daga wurare uku. Akwai malaman daular Qing masu tantance littattafai, musamman Yan Ruoqu da Cui Shu, da Kang Youwei wanda ya ce malaman da sukan jingina ra'ayinsu ga magabata don a karɓa. Akwai Hu Shi da tsarin bin asalin abu da sauyawarsa. Na uku kuma gidan wasan kwaikwayo ne. Da ya zo Beijing a 1913 ya kamu da son kallon wasannin gargajiya, ya lura labari ɗaya yana sauya kama daga wannan ƙungiya zuwa waccan, kowa na ƙara abin da masu kallonsa ke so. Ya tattara waƙoƙin baka na yankin Suzhou, kuma a 1925 shi da abokai huɗu suka hau dutsen Miaofeng kusa da Beijing, suka yi kwana uku suna rubuta yadda ƙungiyoyin masu ziyara ke tsara kansu. Ana lissafa wannan tafiya cikin farkon binciken al'adun jama'a a fili a ƙasar.

Gaskiya ne ya ce Yu tsutsa ne?

Wannan magana ta bi shi har kabari, kuma an murɗe ta. Wani tsohon ƙamus na zamanin Han ya fassara harafin sunan Yu da kalmar da a da take nufin dabba kowace iri, a yau kuma ƙwaro ko tsutsa. Gu ya yi hasashen ƙila Yu wata dabba ce da aka zana a jikin tukwanen tagulla na sarauta, daga baya aka mai da ita mutum. Da aka kawo masa hujja ya janye hasashen. Amma masu adawa sun riƙe shi, marubuci Lu Xun ma, wanda suka yi mummunar rashin jituwa a Xiamen da Guangzhou, ya yi masa ba'a da shi a wani gajeren labari a 1935. Abin da Gu bai janye ba shi ne cewa Yu ya fara ne da siffar abin bauta kafin a mai da shi sarki, kuma haɗa shi da daular Xia daga baya ya zo.

Mene ne Gushi Bian?

Tarin muhawarar ce, juzu'i bakwai da suka fito tsakanin 1926 da 1941, ɗauke da maƙaloli da wasiƙu kusan 350. Luo Genze ya shirya juzu'i na 4 da na 6, Lü Simian da Tong Shuye suka shirya na 7. Gu ya sa rubutun masu sukarsa gefe da gefe da nasa, ba tare da datsewa ba. Gabatarwar juzu'i na farko tarihin rayuwarsa ce mai haruffa kusan 60,000, wadda Arthur Hummel ya fassara zuwa Turanci a 1931. A cikin amsarsa ga masu suka ya lissafa zato huɗu da ya ce a rusa: cewa Sinawa duk tsatso ɗaya ne, cewa ƙasar a dunƙule take tun fil azal, cewa gwarazan almara mutane ne, da cewa zamanin da zamanin zinariya ne.

Hukuma ta ƙyale shi?

Ba ta ƙyale shi ba. A 1929 gwamnatin Kuomintang ta haramta littafin tarihi na makarantun sakandare da ya rubuta tare da Wang Zhongqi, saboda ya kira zamanin sarakunan farko almara. Dai Jitao, ɗaya daga manyan jam'iyyar, yana ganin malamai na iya muhawara a tsakaninsu, amma koya wa yara haka zai girgiza tushen ƙasa, tunda imani da kaka ɗaya ne ke haɗa kan jama'a.

A ina hanyar tasa take kuskure?

Babban rauninta Zhang Yinlin ya nuna shi tun 1925: kafa hujja da shiru. Idan waƙoƙin Zhou ba su ambaci Yao ba, wannan bai nuna mutanen Zhou ba su san shi ba. Ƙila waƙa ba wurin ambatonsa ba ce, ƙila littafin da ya ambace shi ya ɓace. Shiru yana zama hujja ne kawai idan yawancin rubutun zamanin ya tsira, kuma marubucin yana da dalilin da dole ya ambaci abin. A tsohuwar Sin, inda aka ƙona littattafai a 213 kafin Miladiyya kuma gora da siliki ke ruɓewa, sharuɗɗan nan biyu ba safai suke cika ba.

Rauni na biyu, saurin ganin ƙage da gangan. Ya bi Kang Youwei wajen zargin Liu Xin, malamin ƙarshen Han ta Yamma, da cusa abubuwa cikin tsofaffin littattafai don ya share wa Wang Mang, wanda ya hamɓarar da daular, hanyar karɓe mulki. Qian Mu ya jera rayuwar Liu Xin da mahaifinsa shekara-shekara, ya nuna babu lokaci ko dama da mutum ɗaya zai yi wannan aiki ba a gane ba. Wanda ya buga wannan maƙala a 1930, a mujallar Yenching da yake shiryawa, Gu ne da kansa, kuma shi ya nema wa Qian Mu, wanda a lokacin malamin sakandare ne marar digiri, aikin koyarwa a jami'ar. Wannan hali nasa ya cancanci a tuna shi daidai da ra'ayinsa.

Rauni na uku, ɗaukar tsohon littafi kamar mutum ɗaya ya rubuta shi rana ɗaya. Littattafan wancan zamani a hankali suke taruwa a hannun malami da almajirai. Samun kalmar zamanin Han a babi ɗaya ba ya mai da dukan littafin na Han.

Abubuwan da aka tono daga ƙasa sun gaskata shi ko sun ƙaryata shi?

Duka biyu. Tun 1917 Wang Guowei ya nuna sunayen sarakunan Shang da ke rubuce a kan ƙasusuwan da ake duba da su a zamanin sun yi daidai, in ban da 'yan gyare-gyare, da jerin da marubucin tarihi Sima Qian ya rubuta fiye da shekara dubu bayansu, kuma tonon Anyang, inda babban birnin Shang na ƙarshe yake, daga 1928 zuwa 1937 ya tabbatar da daular. Gu ya ɗora rubuta littafin Laozi can wajen ƙarshen ƙarni na 3 kafin Miladiyya ko bayan haka. A 1993 aka tono sassansa a kan gora a wani kabari a Guodian, na wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. A nan ƙasa ta ƙaryata shi. Saboda irin waɗannan ne masanin tarihi Li Xueqin ya yi kira a 1992 a fita daga zamanin shakkar tsohon tarihi.

A ɗaya ɓangaren, a 2002 wani gidan tarihi a Beijing ya sayo wani kwanon tagulla na tsakiyar Zhou ta Yamma mai haruffa 98, wanda ya fara da cewa Sama ta umarci Yu ya shimfiɗa ƙasa ya buɗe wa koguna hanya. Rubutun bai ambaci Xia ba, bai ambaci Yao ko Shun ba, wanda ya dace da jerin Gu, ko da yake lafazinsa ya nuna wasu jimlolin da ya ɗauka sabbi ne sun girmi zatonsa. Sannan gorori kusan 2,500 da Jami'ar Tsinghua ta samu a 2008 sun ƙunshi tsofaffin nassoshin wasu babobin Shangshu, littafin jawaban tsofaffin sarakuna, kuma sun sha bamban da waɗanda aka daɗe ana zargin jabu ne. Game da Xia, wurin tono na Erlitou da aka gano a 1959 ya nuna babban gari mai fadoji da aikin tagulla, amma ba a samu rubutu na zamanin da ya kira kansa Xia ba. Shekarar 2070 kafin Miladiyya da wani aikin gwamnati ya tsayar a 2000 a matsayin farkon daular ƙiyasi ce; shekarar farko da lissafi ya tabbata ba yankewa ita ce 841 kafin Miladiyya.

Me ya sa wanda ya rusa zancen tsatso ɗaya ya dawo yana cewa al'ummar Sin ɗaya ce?

Yaƙi ne ya kawo haka. Bayan Japan ta mamaye Manchuria a 1931 tana fakewa da 'yancin ƙabilu, Gu ya juya ga binciken iyakoki. A 1934 shi da ɗalibinsa Tan Qixiang suka kafa mujallar Yugong ta tarihin ƙasa da taswira, wadda ta yi fitowa ta musamman a kan Musulmin Sin, da taimakon masanin tarihi Musulmi Bai Shouyi. Daga wannan da'ira aka samu Tan Qixiang da Hou Renzhi da Shi Nianhai, ginshiƙan fannin a ƙasar. Ya kuma shirya waƙoƙin baka masu arha don zaburar da talakawa, abin da ya sa ya bar Beijing a Yulin 1937 gudun kamun Japanawa. Ya zagaya Gansu da Qinghai, ya ga ɓarnar rikicin ƙabilanci da idonsa, sai a Fabrairun 1939 ya buga maƙala a Kunming yana cewa al'ummar Sin ɗaya ce. Masanin zamantakewa Fei Xiaotong ya mayar masa da martani cewa musun bambancin ƙabilu ba ya kawar da shi, adalci ne ke haɗa kai. Gu bai koma ga kaka ɗaya ba, cewa ya yi cakuɗuwar dubban shekaru ce ta haɗa su. Duk da haka muna ganin a nan buƙatar lokaci ta rinjayi taka-tsantsan ɗin malami.

Wane aiki ya yi bayan 1949?

Aikin sa aya da waƙafi, wanda ya fi yadda ake zato wuya. Tsofaffin littattafan Sin haruffa ne a jere ba tsayawa, ba babban baƙi da zai nuna suna. Mai aikin yakan zaɓi bugu ɗaya mafi inganci ya zama tushe, ya gwada shi da sauran, ya yanka jimloli da sakin layi, ya ja miƙaƙƙen layi gefen sunan mutum ko wuri, mai lanƙwasa gefen sunan littafi. Kurakuran da aka fi yi su ne raba sunan baƙo gida biyu, musamman sunayen Mongol, ɗaukar sarauta a matsayin suna, da rashin gane inda maganar wani ta ƙare ta marubuci ta fara. Waƙafi ɗaya a gurbin da ba nasa ba yana mai da mutum biyu su zama uku. Gu ya duba babban littafin tarihi Zizhi Tongjian mai babi 294 da ya fito a 1956, ya jagoranci aikin Shiji, littafin tarihin Sima Qian mai babi 130, da ya fito a 1959.

A Juyin Juya Halin Al'adu, guguwar siyasar zamanin Mao da aka tsananta wa malamai, an yi masa tambarin malami mai ra'ayin riƙau, aka sa shi aikin ƙarfi yana da shekara fiye da 70. A Afrilun 1971 firaminista Zhou Enlai ya ba da umarni a ci gaba da aikin manyan tarihohin dauloli 24, Gu ya zama mai duba na ƙarshe. Saboda rashin lafiyarsa, Bai Shouyi ne ya riƙe tafiyar da aikin yau da kullum. An kammala a 1978.

Ya gama aikin da ya fi so?

Bai gama ba. Burinsa shi ne warware Shangshu, littafin jawaban tsofaffin sarakuna. Nassin da ya iso mana babi 58 ne: 33 sun fito daga babi 28 da aka gada tun farkon Han, 25 kuma sun ɓullo a farkon ƙarni na 4 Miladiyya, su ne Yan Ruoqu ya nuna jabu ne. Tsarin Gu ga kowane babi shi ne gwada nassoshi, bayanin kalma-kalma, fassara zuwa Sinancin yau, sannan tattauna shekaru da abin da ya faru. Babi ɗaya, Dagao, ya ci masa shekaru. Ɗalibinsa Liu Qiyu ya ɗauki ragowar, aikin ya fito a juzu'i huɗu a 2005 da sunayensu biyu, shekara 25 bayan rasuwarsa. Kundin ajiyar ranakunsa, wanda ya riƙe kusan ba fashi daga 1921 zuwa 1980, an buga shi a Taiwan a 2007, cikakken tarin rubuce-rubucensa kuma ya fito a Beijing a 2010 a juzu'i 62.